An Sace Motar Mai Bin Sawu

Duk ranakun duniya ba a tashi sace motar ba sai ranar da wa'adin canza lamba zai cika. Baba Mai Sawu ya fito da safe cikin rigarsa mai guga, takardu a hammata, makulli a hannu, ya tarar da wurin da yake ajiye ta wayam, sai ɗan baƙin mai da ya ɗiga a ƙasa. Ya dubi wurin, ya dubi get, ya sake duban wurin, sannan ya ja tsakin da aka ji shi har kicin.

Ba rashin motar kaɗai ya ci masa rai ba. Mutumin nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa wajen bin sawun kayan mutane. A jihar da ya baro, in an sace dabba ko babur ko mota, shi ake fara ɗaukowa kafin a tuna da 'yan sanda. Sai ya tsuguna ya dubi ƙasa, ya ce ɓarawon gajere ne, yana ɗingishi, ta nan ya bi. Daga nan sunan ya manne masa har ya danne na gaskiya. Yau ga shi an shigo har gida an yi masa.

Gidan ma ba nasa ba ne. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta yi ta naci har shi da matarsa suka tattara suka dawo wurinta da zama. Dokar wannan jihar kuwa, duk baƙon da ya zo zama ana ba shi wa'adi ya mayar da lasisin tuƙinsa da rajistar motarsa nan, kuma sai an kai motar an gan ta da ido. In wa'adin ya wuce, lasisi ya zama takardar banza, sai mutum ya koma makarantar koyon tuƙi cikin sa'o'in jikokinsa. Baba ya yi makonni yana safa da marwa a ofishin lasisi, yau ce ranar ƙarshe. Motar nan kuma ita kaɗai ta rage masa da zai nuna ya ce tasa ce a garin. Gadon da yake kwanciya a kai ma na suruki ne.

Kafin ya gama tsakin, mutanen layi sun cika bakin get. Maƙwabciyarsu mai shago ta ce ita dama tun da ta ga baƙuwar lambar nan hankalinta bai kwanta ba. Wani daga baya ya ce wa ya sani, ƙila ma masu ita ne suka zo suka ɗauki abinsu. Baba ya ji, ya haɗiye, don ya lura a layin nan duk wanda lambarsa ba irin tasu ba ce to ɓarawo ne har sai ya kawo shaida. Matarsa ta leƙo da kofin shayi a hannu, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta koma ciki. Mota sukutum, amma abin da za ta iya faɗa ke nan. Ya ce a ransa da tukunyarta ce ta ɓata da tuni an ji su a ƙarshen layi.

*

Ya kori kowa baya, ya naɗe riga, ya tsuguna. Kwanakin nan sai ya kai fuskarsa dab da ƙasa kafin sawu ya fito masa, har yana haɗawa da shafawa da yatsa. Laifin ƙasar garin ne, in ji shi, ba ta riƙe sawu kamar ta gida.

Duk da haka ƙasar ta yi masa magana. Ba a tayar da motar ba, turawa aka yi. Tsakar gidan ta ɗan gangara baya, saboda haka masu turin sun sha wahala, ga inda suka kafa yatsun ƙafa suka tono ƙasa. Mutum uku ne. Ɗaya yana sanye da babban takalmi mai haƙora, ɗaya silifa ce wadda duddugen hagu ya cinye, na ukun takalmin ofis ne mai sulɓin ƙasa, ya zame har sau biyu. Akwai kuma wanda ya zauna a ciki yana juya sitiyari, ko wane ne kuwa ya iya hannunsa, don ya fita ta get bai taɓa ginshiƙi ba.

Wannan ya ƙara ba shi haushi. Shi da kansa ya goge ginshiƙin nan fiye da sau ɗaya, saboda surukinsa ya tashi yin get ya yi shi kamar na kejin kaji. Makon jiya ma da zai shigo da baya, bokiti ya take. Ya ji ƙaras a ƙarƙashin taya, kafin ya fito an kwashe, aka ce masa ba komai, bokiti ne. Mutanen gidan nan ba su san inda ake ajiye kaya ba.

Ya bi sawun da rarrafe da tsugune har ƙarshen layi. Nan ƙasa ta ƙare, kwalta ta fara, kwalta kuwa ba ta taɓa gaya wa kowa komai ba.

Ya juya kan mai gadin layin, wani dogo mai yawan hamma. Mai gadi ya ce shi bai ga komai ba, bai ji komai ba, da asuba ya ɗan zagaya bayan gida. Baba ya tambaye shi ko bayan gidan a wata jihar yake, da har za a tura mota ta gaban rumfarsa bai dawo ba. Mai gadi ya yi ta kame-kame yana ɓoye ƙafa a ƙarƙashin benci, can ya ce ya dai tuna jiya ya ga dillalin nan na ofishin lasisi yana leƙen gidan.

*

Dillalin shi ne mai shige da fice da takardun mutane a ofishin, kuma yana da kwafin duk takardun motar. Baba ya tari motar haya, abin da ya yi shekaru bai yi ba, ya zauna a matse tsakanin wata mai kwando da wani mai atishawa.

Tunda ya zo, ya ce bari ya fara gwada sa'arsa a tagogin ofishin. A taga ta farko aka ce masa ba a canza lamba sai an ga mota. Ya ce an sace ta. Aka ce to ya kawo takardar 'yan sanda. Ɗan sandan da ke teburin bakin ƙofa ya dubi takardun ya ce ai wannan lambar ba ta jihar nan ba ce, can inda aka yi mata rajista zai kai ƙara. Baba ya kira can a waya, aka ce tunda ya bar jihar, inda yake zaune ne ke da alhakinsa. Ya koma taga ta farko ya roƙi a yi masa na lasisi kawai, aka ce ai fayil ɗaya ne, ba a rabawa. Ya tambayi yarinyar da ke bayan gilashin ko akwai tagar da ake zuwa in mutum yana son ya haukace bisa ƙa'ida. Ta ce ya gwada ta huɗu, amma mai ita ya fita.

A gindin matakala ya kama dillali. Tun kafin su gaisa ya sunkuya ya kama ƙafar mutumin ya juya tafin takalmin, ya ga ɗan mitsitsi ne mai tsini, ba ya cikin ukun. Dillali ya rantse ya maya. Ya ce ya je gidan jiya ne don ya tuna masa da wa'adi, kuma in mota ta ɓata ai shi ma wahalarsa ta tashi a banza.

"Ni da na gama maka komai, Baba," in ji shi, ya rage murya. "Ɗakin gwajin idon nan ma ba sai ka shiga ba, kamar yadda ka ce. Hannu kawai za ka sa. Shekaranjiya na kira wayarka, Mama ta ɗauka, na ce ta gaya maka."

Ba ta gaya masa ba. Bai tsaya a kan wannan ba, don matarsa ta saba manta saƙo. Gwajin ido kuwa shi bai ga dalilin da zai sa yaron da aka haifa jiya ya tsayar da shi gaban allo yana nuna masa haruffa da sanda ba. Idon da ya gano tsohon sawun akuya a kan dutse ba ya buƙatar shaidar kowa.

*

Saura takalmi mai haƙora. Akwai garejin wani bakanike a bakin babban titi, dab da inda sawun ya ɓace, kuma bakaniken nan tun ranar da ya fara ganin motar yake cewa a sayar masa ya fasa ya cire kaya. Baba ya same shi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafu a waje. Bai ko yi sallama ba, ya tsuguna ya shafa tafin takalmin. Haƙoran ne, har da ɗayan da ya guntule.

Bakanike ya fito yana goge hannu, ya ce duk mai aikin gareji irin takalmin nan yake sawa. Yana magana yana gumi, idonsa kuma ba ya kan Baba, sai ya riƙa ɗaga kai yana duban ƙetaren titi ta saman kafaɗarsa. Baba ya san wannan kallon, na mai neman hanyar gudu ne. Ya waiga sau ɗaya don ya ga ko abokan satar ne ke tsaye can. Bai ga kowa ba, sai hasken rana da inuwar bishiya da wani fari-fari a gindinta. Ya juyo ya ci gaba da tambaya.

Ya shiga garejin ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana dafa su, ya ɗaga tampol, ya leƙa bayan tarin tayoyi. Babu tasa. Bakanike na biye da shi yana cewa, "Baba, ka duba da kyau dai. Don Allah ka duba ko'ina." Baba ya ce masa rashin kunyar ta isa haka, ya kama hanyar gida rana na dukansa a ƙeya.

*

Ya shigo gida a gajiye, wa'adi na ta tafiya. Ya nufi durom ɗin ruwa da ke jikin bango don ya wanke fuska, sai babban yatsansa ya daki wani abu. Ya sunkuya ya shafa. Dutsen ne.

Birkin hannun motar ya mutu tun 'ya'yansa suna makaranta, saboda haka duk inda ya tsaya sai an sa mata dutse a bayan taya. Wannan dutsen mai faɗi, mai kai ɗaya siriri, da shi suka yi ƙaura a but ɗin motar. Wanda ya tura mota gaba ba ruwansa da dutsen baya, a nan zai bar shi kwance a tsakiyar fili. Wannan kuwa an ɗauke shi, an kai shi jikin bango, an tsayar da shi a kan siririn kan, yadda ba wanda zai yi tuntuɓe da shi a hanya. Mutum ɗaya ne a duniya ke yi wa dutsen nan haka. Kullum ya ja mota ya fita, a madubi yake ganinta ta sunkuya ta ɗauka, tun tana da ƙarfin ɗagawa da hannu ɗaya.

Ya daɗe a tsugune, bai wanke fuskar ba. Da ya miƙe ya ce a kira masa mai gadi da bakanike, a buga wa surukinsa waya ya baro ofis yanzu, a kuma tashi 'yarsa daga barcin da ta ce tana ramawa.

*

Suka taru a tsakar gida, a daidai inda motar take tsayawa. Mai shago ba a kira ta ba, amma ta zo da kujerarta.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce wa bakanike shi ne ya tura ta dama. Ya ce wa mai gadi ya fito da ƙafar hagun nan da yake ɓoyewa tun safe, shi ne ya tura ta hagu. Ya dubi surukinsa ya ce shi kuma a tsakiya, kuma nan gaba in zai yi sata ya nemi takalmin da ba ya zamewa. Suruki ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. Sitiyari kuwa, in ji Baba, wanda ya riƙe shi ya san ƙofar baya ba ta kulluwa, kuma ya iya fita ta matsattsen wuri, don shi da kansa ya koya mata. 'Yarsa ta kawar da kai.

Sannan ya juya ga matarsa, ya nuna bango da haɓa.

"Ke kuma ko sata za ki yi sai kin gyara wuri."

"Wani zai iya faɗuwa a kai," in ji ta.

"Ina motata?"

"Malam, ai ka tsaya a gabanta ɗazu."

Bakanike ne ya ƙarasa. Ya ce tana ƙetaren titi, a gindin bishiyar da ke kallon garejinsa, ita kaɗai, ba tampol ba komai. Tun asuba take can. Mai shago ta ce ita ma da ta je sayo kaya ta gan ta, ta ɗauka an riga an gano.

'Yar ta matso ta durƙusa. Ta ce tun da suka zo take roƙonsa ya bari a duba idon, yana ce da ita likitan allura. Ta ce yanar ido ce ta rufe masa gani, aiki ake yi a cire, ba wani abu ba ne. Da suka ji ya shirya da dillali zai tsallake gwajin, sai suka rasa yadda za su yi.

"Ba ɓoye ta muka yi ba, Baba. Mun ajiye ta inda duk mai wucewa zai gani. Mun yi alkawari in ka gan ta da kanka, mu ba ka haƙuri, ba wanda zai sake yi maka maganar ido."

Nan Baba ya fashe. Ya ce rana ce ta haske masa fuska. Ya ce an haɗa kai da bare an mayar da shi abin dariya a layin da dama ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ya ce shekara nawa yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba, don ya goge ginshiƙi ya fasa bokiti shi ne za a yi masa taron dangi?

Matarsa ta tashi ta shiga ɗaki. Suka ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da shi ta ajiye a gabansa, ta kama hannunsa ta ɗora a kai, don ta san da hannun zai fi gani.

"Ga bokitin."

Ƙarfe ne a lanƙwashe. Ya shafa ya ji ƙaramar taya, ya ji ɗan sirdi, ya ji ƙararrawar da shi da kansa ya ɗaura. Keken jikarsa ne, 'yar autar gidan, wadda yanzu haka take makaranta. An ce masa an kai shi gyara.

"Yarinyar tana kai," in ji matar. "Ubanta ne ya fizge ta. Tana ta ɗaga maka hannu, ta ɗauka ka gan ta."

Mai shago ma ta ɗauki kujerarta ta fita ba sallama. Baba ya bi lanƙwasar ƙarfen da yatsa, yadda ya saba bin sawu, ya gane ta inda tayar ta hau da inda ta sauka, ya gane tsawon wanda ke zaune a sirdin da inda ƙafarta za ta kasance. Wannan karon bai so ƙwarewar tasa ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a dajin ɓarayi, kunya kuma ta biyo baya.

*

Shi ya fara fita, suka bi shi a baya. A bakin titi ya tsaya ya dubi ƙetare da gaske, ya ƙanƙance ido, bai ga komai ba sai fari-farin nan. Surukinsa ya kama masa gwiwar hannu suka tsallaka, bai fizge ba. Sai da ya rage kaɗan ya taɓa ta sannan ta zama mota, da tsohuwar lambarta da tabon ginshiƙi a gefe.

Ya ciro makulli ya tsaya a ƙofar direba. Sannan ya miƙa wa 'yarsa, ya zagaya ɗaya gefen yana dafa bonet.

Ya ce a yi sauri kafin masu tagogin nan su tashi, a canza lamba, a sa sunan 'yar a takardun in haka ne zai fi sauƙi. Ya zaro lasisinsa daga cikin takardun, ya waiga zai ba matarsa, sai ya ga ba ta nan. Can ta ɓullo daga layi tana haki, rungume da dutsen, don a cewarta filin ofishin ma gangare ne. Bakanike ya karɓa ya sa a but, ta shiga baya.

"Riƙe min wannan," ya ce da ita. "In an cire yanar, na koma makarantar tuƙin da yaran. Ai na ga yadda za su koya min."

Ta karɓa ta sa a jaka. 'Yar ta tayar da mota, ta saki kuloci da gaggawa, motar ta yi tsalle ta mutu.

"A hankali," in ji Baba, yana laluben bel ɗin kujerar da bai taɓa zama a kanta ba. "Ba ta zama taki ba tukuna."